Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: "Mai Lafiya Ba Ya Shan Magani"

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda sakamakon gwajin aure ya fito, aka ce ina ɗauke da ƙwayar HIV, mai nemana ya ce bari ya je ya dawo. Har yau yana dawowa. A bar shi tukuna.

Gwaggo na fara faɗa wa, don Inna hawan jini gare ta, kuma Gwaggo ta san hanyar asibitin nan tun zamanin Yaya Ƙarami. Tana tsintar shinkafa a faifai ta saurare ni, ba ta ko ɗago ba. Sai da na ce sun ce in fara magani a makon nan ta ajiye faifan.

"Mai lafiya ba ya shan magani. Dubi kumatunki fa."

Hujjarta ɗanta ne. A 2011 da aka samu Yaya Ƙarami da ƙwayar HIV, an auna sojojin jikinsa, abin da suke kira CD4, aka ce sun haura 350, ya je gida da Septrin, ba maganin HIV ɗin ba, ya riƙa zuwa awo. Ya ci gaba da jan motarsa zuwa Legas. Nan Gwaggo take tsayar da labarin kullum. Ba ta kaiwa wurin da tarin fuka ya kwantar da shi a zaurenta, muna ɗaga shi mu biyu kamar kara. Ni na riƙa wanke masa zannuwa, shi ya sa ban manta ba.

Duk da haka maganarta ta shige ni. Ina cin tuwona, ina ɗinkina, ko ciwon kai ba na yi. Da na koma asibiti na maimaita wa Sista ita yadda take. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya katina ta rubuta 200, 350, 500 a bayansa, ta soke su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce da can haka ake jira sai sojojin jiki sun sauko zuwa adadin kafin a fara magani, ana ɗaga adadin a hankali, har 2015 da wani babban bincike ya nuna waɗanda suka fara nan take sun fi masu jira tsira daga manyan cututtuka da mutuwa, haɗarin ya ragu da fiye da rabi. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bai wa kowa, Najeriya ta bi a 2016.

"Hajiya, naki sun wuce 600, kuma so muke su zauna a haka. Ƙwayar ba ta jiran ki kwanta, tun yanzu take aikinta."

Ta tambaye ni ko ina tari, ko gumin dare, ko zazzaɓi, ko rama, ko ciwon kai mai riƙe wuya. Ta ce waɗannan ne kan sa likita ya ɗan dakata: in tarin fuka ne a fara maganinsa, na HIV ya biyo baya cikin mako biyu, in kuma sanƙarau ɗin nan ne mai kama masu raunin garkuwa, a jira makonni. Ni ba ni da ko ɗaya.

Cutar ba ta tsorata ni ba kamar kalma ɗaya da ta faɗa: in an fara ba a tsayawa. In ana sha ana bari, ƙwayar kan koyi maganin ya daina yi mata. Ni da ko maganin zazzaɓin cizon sauro ban cika ƙarasawa ba, a ce har ƙarshen rayuwa? Ga azumin 2019 ya ƙarato, muna cikin Sha'aban. Ta ce maganin ƙwaya ɗaya ce tal a rana, sunanta TLD, kuma kyauta. In zaɓi bayan isha'i, azumi ba zai taɓa ta ba.

Na ce ta ba ni zuwa Alhamis. Ta ce to, amma ta karɓi lambata.

Kafin Alhamis Gwaggo ta aiko da jarka cike da jiƙo baƙi wuluk, wai in sha wata guda a sake gwaji. Kuɗin kuwa a wuyana ta ɗora. Wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne da ta je ta tsegunta wa matar Yaya Babba, wai don ta sa mini ido kada in ɗauko "ƙwayar Turawa". Washegari na tarar an ware mini kofi, an ɗaura masa jan zare a hannu. A gidan ubana.

Bara ma, a sunan gidan su Ummi, da kunnena na ji Gwaggo tana ce wa wata maƙwabciya, "Ku kai yarinyar ta fara magani da wuri, ga tawa nan, ni na tsaya mata." Ita da ta ce mai lafiya ba ya shan magani! Na kalle ta, ta kau da kai tana gyara mayafi.

Kofin nan ne ya yanke mini shawara, ba lissafin Sista ba. Na ce wallahi ba zan kwanta a gidan nan su yi jinyata da tsinin yatsa ba. Ranar Alhamis na karɓo robata. Ƙwayoyin suna ƙara in an motsa, sai na cusa auduga a ciki, na saka ta a aljihun keken ɗinki ƙarƙashin zarurruka, inda matar Yaya ba ta taɓa leƙawa don ba ta iya saka zare a allura ba. Daren farko na riƙe ƙwayar a tafin hannu har ta fara jiƙewa da gumi, sannan na yi bismillah. Kwanakin farko na ɗan yi tashin zuciya da ƙarancin barci, suka wuce.

Bayan wata shida aka auna yawan ƙwayar a jinina, aka ce ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta, kuma muddin ina shan magani tana a haka, ba zan sa wa miji ba. Na kai wa Gwaggo takardar. Ta juya ta ta ce, "Ai dama na ce lafiyarki ƙalau."

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan gaya muku yadda Inna ta ji, da wanda ya gaya mata.