Yadda ake fitar da zanen katako a bodin motar rimot

Kafin ka buɗe gwangwanin fenti, ɗauki bodin ka matsa shi da yatsa. In ya lotsa ya dawo, kuma kana hango hannunka ta cikinsa, to folikabonet ne, wanda aka fi sani da Lexan, kuma ta ciki ake yi masa fenti. In kuwa roba ce mai tauri wadda ba a gani ta cikinta, irin ta Clod Buster ko Sand Scorcher na kamfanin Tamiya, ta waje ake yi. Wannan bambancin shi ke yanke irin fentin da za ka saya da kuma wanda zai fara hawa, don a Lexan komai a juye yake: abin da ka fara shafawa shi ido zai fara gani.

Sai awo. Yawancin motocin nan kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske, wato 1/10. Katako mai faɗin santimita 15 zai koma milimita 15, ƙullin reshe mai santimita 3 ya koma milimita 3, jijiyar katakon kuwa ba za ta kai rabin milimita ba. A nan mafi yawan aiki ke lalacewa. Mutum ya ɗauki siririn buroshi ya zauna zana layi ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe motar ta fito da ratsi kamar jakin dawa. Jijiyar katako ba zana ta ake yi ba, jan ɗanyen fenti ake yi har ta fito da kanta. In akwai tsohuwar babbar mota mai bodin katako a tashar garinku, je ka tsaya nesa da ita kamar taku goma ka duba: ba layuka za ka fara gani ba, bambancin launi ne tsakanin wannan katako da na kusa da shi.

Bodi mai tauri ya fi daɗin aiki. Wanke shi da sabulun wanke-wanke, ka goge da samfefa mai lamba 600, ka fesa fentin ƙasa, wato firama da sauran fenti ke kamawa a kai. In so kake katakon ya fito a tsufe, kamar na bayan akori-kura, ja samfefa mai lamba 80 ko 120 a kan robar tun kafin fentin ƙasa, gefe guda kawai, kada ka yi gaba da baya. Daga nan ka shimfiɗa launin tushe mai haske na akirilik, XF-78 ko XF-59 na Tamiya duk sun yi, ka bar shi ya kwana. Ka bi shi da X-22, fentin Tamiya mai sheƙi marar launi, siriri don ya ɗan yi santsi. Tushe marar santsi shanye fentin mai yake yi, ya yi duhu, ya ƙi janyuwa.

Fentin mai na masu zane shi ne ginshiƙin aikin, musamman launukan ruwan ƙasa da ake sayarwa da sunan Burnt Umber da Burnt Sienna. Matso kamar ƙwayar wake a kan kwali, ka bar shi kusan awa guda kwalin ya tsotse man, ta haka zai fi saurin bushewa kuma ba zai yi ƙyalli ba. Rufe katakan gefe da tef, ka yi aiki a kan katako ɗaya. Shafa fentin siriri, sannan ka ɗauki busasshen buroshi mai faɗi, mai taurin gashi, ka ja daga wannan baki zuwa wancan a numfashi ɗaya. Bayan kowane ja, goge buroshin a tsumma. Ja uku ko huɗu sun isa. In ka wuce haka, layukan sai su narke su koma ruwan ƙasa zalla. Ka ɗan karkaɗa hannu a tsakiyar jan don jijiyar ta yi lanƙwasa. Ƙulli kuwa, ɗiga fenti da tsinken sakace, ka zagaya shi da bakin buroshi yadda layukan za su kauce masa su sake haɗuwa. Biyu ko uku sun ishi bayan mota gaba ɗaya.

Abin da ya sa ake ɗora mai a kan akirilik shi ne, tinar fentin mai ba ta cin akirilik da ya bushe. In katako bai yi maka ba, goge shi da audugar kunne da ɗan tina, tushe na nan daram. Sai dai fentin mai yana son kwana uku zuwa mako kafin a taɓa shi, kuma duk ƙurar da ta sauka ta zauna ke nan. Lokacin hunturu, kifa masa babbar roba da zarar ka ajiye buroshi. Bayan ya bushe, sirka X-26 mai ruwan goro da X-24 mai ruwan ɗorawa, kashi ɗaya na fenti da kashi biyu na tinar X-20A, ka fesa siriri. Wannan ne ke ba shi kamannin katakon da ya sha banish. In za ka rufe da TS-13, feshin gwangwani marar launi na Tamiya, fara da feshi kamar raɓa sau biyu, don tinarsa da zafi take, kuma in man bai gama bushewa ba fentin zai yamutse.

A Lexan, manta da fentin mai da na TS. Ba sa kama shi, kuma karo ɗaya da bango zai sa su ɓare. Nemi fentin ruwa da ke kama folikabonet, irin su Createx, da gwangwanin feshin PS da Tamiya ta yi don Lexan. Wanke cikin bodin, ka ɗan kankare wurin katakon da soson wanke-wanke na roba mai laushi, ban da gilasai. Ledar da ke manne a waje kada ka cire ta, a kanta za ka ja layukan katakan da maka, ka bi su ta ciki da tef.

Jijiya ce ke fara hawa. Sirka ruwan ƙasa mai duhu da ɗigo biyu ko uku na maganin hana saurin bushewa, don a zafin rana fentin ruwa bai cika ba ka minti guda ba. Ja shi da busasshen buroshi har ya zama fiye da rabin wurin ana gani ta cikinsa. Sa farar takarda a ciki, ka juya ka duba ta waje. In ya yi yawa, jiƙaƙƙen tsumma zai ɗauke shi kafin ya kama. Bayansa sai ruwan ƙasa tsaka-tsaki, siriri sosai, sannan launin tushe mai haske, sannan marufi, wato fentin ƙarshe da ke rufe bayansu. Marufin yana canza komai: farin PS-1 yana fito da katako sabo fil, baƙin PS-5 yana sa shi duhu kamar tsoho, amma sai launin tushe ya rufe sosai, in ba haka ba baƙin zai huda ya dagula shi. Feshin PS na farko ya kasance daga nesa, kamar santimita 30, don kada ya tayar da fentin ruwan da ke ƙasa.

Ƙyallin Lexan shi ke tona asirin aikin, domin katako a bayan roba mai sheƙi kamar hoto yake fitowa. Yanke ledar waje a daidai wurin katakon kawai, ka fesa PS-55, marar launi mai kashe ƙyalli, sau biyu ta waje, sannan ka ɓare sauran ledar. Jikin mota zai ci gaba da ƙyalli, katakon ya dushe.

Ga mai kwaikwayon motocin Ford masu jikin katako na shekarun 1940, ko Jeep Grand Wagoneer, launi biyu ake buƙata: firam mai haske, allon tsakiya mai duhu. Jijiyar kowane sandan firam tsawonsa take bi, na tsaye ta tsaya, na kwance ta kwanta. Saboda haka a kusurwa sai ka sa tef, ka gama sanda ɗaya ya bushe kafin ka ja na biyu.