Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Maƙoƙo da Kansar Wuya

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda aka mayar da ni ɗakin tiyata na mata. Yau zan ajiye labarin kaina in yi bayanin ciwon da ya yawaita kawo mana matanmu na Agege, Mile 12 da Idi-Araba a Legas, wato kumburin gaban wuya, domin jinkiri na cin rayukan da bai kamata a rasa ba.

A ƙasan maƙogwaro akwai wata tsoka da ake kira tayirod, ɓari biyu ce, dama da hagu, nauyinta kusan giram 20. Ita ke fitar da sinadarin da ke daidaita bugun zuciya, zafin jiki da kuzari, kuma da ayodin take aiki. In ayodin ya yi ƙaranci sai ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Abin da ya sa Najeriya ta wajabta sa ayodin a gishiri tun 1993 ke nan.

Yawancin ƙullutun da ke fitowa a wurin, kusan 9 cikin 10, ba kansa ba ne. Sai dai ido ba ya bambancewa, hannu ma haka. Kuma hijabi na rufe wuya, sai mace ta shekara goma da abu ba wanda ya lura, ita kuma ta ce ai ba ya ciwo. Kansar tayirod a farkonta ba ta ciwo. Abin lura shi ne ƙullutu mai tauri da ba ya motsi, maƙoƙon da ya daɗe shiru sai ya tashi girma cikin watanni, dushewar murya da ta wuce mako 3 ba mura, wahalar haɗiya, sarƙewar numfashi in an kwanta rigingine, ko kaluluwa a gefen wuya. In ƙullutun a wuyan namiji yake, ko yaro ɗan ƙasa da shekara 20, ko tsoho da ya haura 60, a gaggauta. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko tsaga. Jijiyoyin jini ne cike a wurin.

Likita zai ba ki ruwa ki kurɓa, in na tayirod ne za a ga ƙullutun ya hau sama ya sauko. Daga nan sai gwajin jini na TSH, wato sinadarin da ke zaburar da tayirod ta yi aiki, sai sikanin wuya, sai a zuƙo ɗan abin da ke ciki da siririyar allura a duba a madubin likita. Allurar nan mata ke gudu, wai tana watsa ciwo. Ba ta watsawa, kuma cikin 'yan mintoci an gama. Ana yi a manyan asibitoci irin LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja.

Kansar iri 4 ce. Papilari ta fi yawa a duniya, tana tafiya a hankali, tana bin kaluluwar wuya, kuma mafi yawan masu ita suna warkewa. Folikula ta fi yawa a inda ayodin ya yi ƙaranci, ita ta jini take bi ta sauka a huhu ko ƙashi, har akan ga kumburi a ƙoƙon kai alhali tushen yana wuya. Allura ba ta iya raba ta da ƙari marar illa, shi ya sa likita kan ce a cire ɓari guda a kai ɗakin gwaji. Ba neman kuɗi ba ne. Medulari ana iya gadonta, don haka akan gwada 'ya'ya da 'yan'uwa. Anaplastik ba ta da yawa, ta tsofaffi ce, tana girma cikin makonni.

Aikin shi ne a cire ɓari ɗaya ko duka. Kafin a shiga ana duba igiyoyin murya, saboda jijiyar da ke motsa su a bayan tsokar take kwance. In ta taɓu murya ta dushe, galibi ta dawo cikin makonni ko watanni. Mai jinya ta sa ido a daren farko: in wuya ya kumbura ya yi tauri, numfashi na ƙara, jini ne ya taru yana danne maƙogwaro, a kira nas nan take, ba a jiran safiya. Akwai kuma wasu tsokoki 4 a bayan tayirod, kowace kamar ƙwayar shinkafa, su ke riƙe kalsiyam a jini. In sun wahala a wurin aiki, daga kwana 1 zuwa 3 mace za ta ce, "Sista, leɓena da yatsuna suna yi min yam-yam." Wani lokaci yatsun su ƙanƙame. Ba iska ba ce, Hajiya, kalsiyam ne ya sauka, ana ba da shi ta baki ko ta jijiya ya wuce.

Wasu bayan an cire duka sai a tura su shan ayodin mai tururin nukiliya, wanda ke bin ragowar ƙwayoyin ciwon ya ƙone su. An san asibitin koyarwa na UCH Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja da wannan aiki. Mako 1 zuwa 2 kafin nan ana barin gishiri mai ayodin, magi, kifin teku, madara da gwaiduwar ƙwai, abin da a Legas ba ƙaramin aiki ba ne. Mai ciki ba ta sha, mai shayarwa sai ta yaye, kuma ba a ɗaukar ciki sai bayan wata 6 zuwa 12.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ƙwayar levothyroxine, mai maye gurbin sinadarin da tayirod ke fitarwa. Wadda aka cire wa tayirod duka za ta sha ta har ƙarshen rayuwa. Da safe ake sha, ciki ba komai, da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam a ba su tazarar awa 4, don suna hana ta shiga jiki. Da azumi a sha kafin sahur da irin wannan tazara. Duk lokacin da aka canja awo, a sake gwajin TSH bayan mako 6 zuwa 8. Mai tafiya gida Arewa biki ko ganin dangi ta ɗebi na watannin da za ta yi, domin wadda ta daina za ta fara jin sanyi, kasala, kumburin fuska da mantuwa, TSH ya hau, shi kuwa yana iya tada ragowar ciwon. In an samu ciki ba a dainawa, ƙara awo ma ake yi, a koma wa likita da wuri.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarin daga inda aka fara sa ni aikin dare.