Judith Rodin, daga binciken tsofaffi zuwa kujerar shugabar jami'a

Nan Maradi in ka ce ɗiyarka za ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, tambayar farko ita ce "to mi za ta ci da shi?" wasu ma sun ɗauka aikin masu taɓin hankali ne kawai. Wallahi abin na damuna, shi ya sa nike son ku san Judith Rodin, masaniyar wanga ilimi.

An haife ta a Philadelphia ta Amurka a 1944, ta yi digirin farko a jami'ar Pennsylvania, dokta a Columbia a 1970, daga baya ta koyar a Yale shekara da shekaru. Abin da ya fi kama min rai shi ne binciken da suka yi da wata mai bincike Ellen Langer a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Connecticut, wanda ya fito a 1976. Tsofaffin hawa ɗaya aka ce musu ku zaɓi shukar da kuke so, ku za ku riƙa ba ta ruwa, ku zaɓi daren da za ku kalli fim, na wancan hawan kuwa an ba su shuka amma aka ce ma'aikata za su kula musu da komi. Bayan wata 18 kashi 15 cikin ɗari na waɗanda aka ba zaɓi ne suka rasu, wancan ɓangaren kashi 30. Mutanen ba su kai ɗari ba, kuma ajali na Allah ne, amma ni dai na tuna tsofaffinmu, yadda muke ƙwace ma Inna tsintsiya da kwaryar tsaba muna cewa "Inna ki huta mana," mu a ganinmu ladabi ne, ita kuwa ta wuni bisa tabarma ba mai tambayarta shawarar ko gishirin miya.

A 1994 aka naɗa ta shugabar jami'ar Pennsylvania, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera dindindin a rukunin tsofaffin manyan jami'o'in nan takwas na Amurka. Lokacin unguwar da ke kewaye da jami'ar ta lalace, ga fashi ga kangwaye, har aka kashe wani mai bincike nasu a 1996. Wani shugaban da katanga zai ƙara. Ita ko sai ta shiga unguwar, aka tallafa ma ma'aikata su sayi gidaje a ciki, jami'a ta riƙa sayayya wurin ƴan kasuwar wurin, aka buɗe firamare tare da hukumar makarantun gari a 2001. An soke ta hwa, don gidaje sun yi tsada har wasu talakawa suka tashi, kuma wannan suka gaskiya ce.

Ta sauka a 2004, ta riƙe gidauniyar bada tallafi ta Rockefeller daga 2005 zuwa 2017. Mu da muke da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, burina in ga irin wanga bincike kan tsofaffin unguwannin Zariya da Bagalam nan Maradi, ɗiyanmu su yi shi da Hausa.