Kawu da maƙalar bulo

Asabar, sha ɗayan dare saura. Gida ya yi tsit, ni kuwa maganar Kawu ta hana ni kwanciya.

Da safe cikin nishaɗi na tashi. Wuta ta kwana. Kafin takwas na tura maƙala biyu ga masu bita, na ɗora ta uku a OJS, manhajar da muke tafiyar da mujallar binciken da nake wa edita, saura biyu fitowar Disamba ta cika. Mai bitar nan da ya riƙe mana aiki wata huɗu ya dawo da shi, gyara shafi uku cur, kuma kowanne a kan hanya. Na huce. Wani marubuci ya kira har sau uku, takardar amincewa yake so kafin Litinin saboda ƙarin girma. Na ba shi haƙuri, na ce sai bita ta kammala.

Da hantsi Kawu, wanda magini ne, ya iso duba katangar baya da damina ta tsaga. Ya same ni a baranda da kwamfuta a cinya. Uwargida ta kawo masa kunu, ya zauna, ya leƙo.

"Wannan ai hoton bulo ne, inci tara. Me bulo yake yi a cikin karatunku?"

Na ce, "Kawu, wani malami ne ya bi gidajen bulo ya sayo, ya sa a injin matsi ya ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da ma'aunin bulo, NIS 87, da ya tsayar da mafi ƙarancin ƙarfi a 2.5 N/mm². Akasarin wanda ya gwada bai kai ba."

"To me ya ce ya jawo?"

"Ya ce ƙarancin siminti. Ana ja wa buhu ɗaya bulo fiye da kima."

Kawu ya ajiye kofin. Ya ce wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. "Ya tambaye su ruwa? Kwana nawa suke ba bulon ruwa? Mai gidan bulo a wajen 'yan garuwa yake saye, kura kura. Ya yayyafa yau, ya yayyafa gobe, jibi mota ta zo ta kwashe tun yana ɗanye. Ko ka zuba simintin duniya, in bulo bai sha ruwa ba, da farce za ka kankare shi. Ga yashi mai laka da ake kawowa don ya fi araha."

Na koma cikin maƙalar a gabansa, na bi ta layi layi. An rubuta cewa an gwada bayan kwana 28, kamar yadda aka saba. Amma kwana nawa bulon ya sha ruwa a gidan da aka buga shi, babu ko kalma. Masu bita biyu sun karanta, ni na karanta sau uku, ya wuce mu duka. Kawu da shekara arba'in yana riƙe da cokalin gini ya gano shi kafin kununsa ya huce.

Sai ya tambaye ni wa ke karanta abin. Na ce kowa, ai amfanin mujallar tamu ke nan, a buɗe take a intanet, ba a biyan ko kwabo. Har na fara ba shi labarin yadda manyan mujallun waje ke kulle bincike sai da dala, da yadda aka yi yunƙurin Budafes a 2002 don a buɗe ilimi ga jama'a, da AJOL da ke tattara mujallun Afirka tun 1998. Ya saurare ni har na kai aya.

"Madalla. To ni zan iya karantawa?"

Na yi shiru.

"Ɗan nan, ƙofa a buɗe take, amma da Turanci aka shimfiɗa tabarmar. Mai buga bulo ba zai shiga ba, birkila ba zai shiga ba. Ku kuna rubuta wa junanku, mu muna gina wa mutane."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya miƙe, ya je ya ƙwanƙwasa katangar, ya ce Talata zai turo yara.

Tun azahar nake juya maganar. Shekara shida ina wannan aiki ba sisi, ina roƙon masu bita, ina neman dalar da za a biya lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, ina gyara shafinmu ya dace da sharuɗɗan DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta. Ban yi nadama ba, aiki ne mai kyau kuma zan ci gaba. Sai dai duk lissafina ya tsaya ne kan sau nawa aka sauke maƙala, sau nawa wani malami ya ambace ta. Wanda hannunsa ke cikin kwaɓin, ban taɓa sa shi a lissafi ba. Kuma idan gini ya rufta ba kan mujalla yake faɗawa ba. Makarantar nan ta Jos da ta rufta, Yulin 2024, ana tsaka da karatu, rai 22. Har yau in na tuna sai na dubi Auta.

La'asar a masallacin unguwa. Cefane. Auta da zazzaɓi kaɗan, ta sha magani, ta yi barci.

Bayan isha na rubuta saƙo biyu. Na farko ga marubucin: ya koma gidajen bulon ya tambayi kwanakin ba da ruwa da inda suke samo yashi, ko da hakan zai fitar da maƙalar daga fitowar Disamba. Na biyu ga kwamitin editoci: kowace maƙala da ta shafi aikin fili ta zo da taƙaitawa ta Hausa, rabin shafi, mu kuma karanta ta da murya yadda za ta yi yawo a WhatsApp cikin magina. Na san za a ce wa zai fassara, wa zai biya. Na rubuta cewa fitowar farko ni zan ɗauka.

Na gwada ta bulon a daren nan. Kalmar Turancin da suke nufin jiƙa bulo har ya yi ƙwari da ita ta tsayar da ni, na rubuta na goge sau huɗu. Na bar gurbin. Talata in Kawu ya zo zan karanta masa, in ji yadda su suke faɗa.