Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hannun Mace Jarinta Ne

Makon jiya na tsaya a ranar da Baba ya raka ni tasha da akwatin ƙarfe zan tafi kwalejin ilimi, a 2013. Na so yau in ɗora daga nan in bi a jere, amma tun asuba ƙaramin yatsana na hagu ke zogi saboda sanyin da ya sauko, kuma duk ranar da ya yi zogi Gwaggo ce ke faɗo min a rai. Ku yi haƙuri, da ita zan fara.

Ina da shekara 14 ta faɗi maganar, ranar sunan 'yar Yaya Babba. Ta kama hannuna za ta ba ni goro in kai ɗakin baƙi, sai ta ji tafin ya yi kanta. Ta juya shi ta duba, ta ɗaga murya yadda matan gidan Kawu za su ji: "Hannun mace jarinta ne. Da shi za ki tuƙa, da shi za ki yi raino. Ke kin kai naki fili ana ta jibgarsa da ƙwallo." Tsakar gida ta ɗauki dariya. Inna ce kaɗai ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Har yau matan gidan Kawu ba su san dalilin da ya sa na zama gola ba. Da farko a gaba nake buga wa, kuma ina da gudu. Baba ne ya ce ba 'yarsa da za ta sa gajeren wando ta shiga fili. Kocinmu na sakandare ya tako har zaure ya durƙusa ya yi masa bayani cewa a dokar ƙwallo mai tsaron raga na da damar sa dogon wando, rigarta mai dogon hannu, ga safar hannu, ba abin da ke waje sai fuska. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To ta tsaya a ragar." Da wannan kalma na shiga raga, ban fito ba sai bayan shekara goma sha. Ɗankwali kuwa wata rigima ce daban. Tun 2007 hukumar FIFA ta hana rufe kai a wasanninta, sai a 2014 masu tsara dokokin ƙwallo suka halasta shi gaba ɗaya. Ina kwaleji a lokacin. Kafin nan hular sanyi nake jawowa har kunne, in alƙalin wasa ya yi magana in ce mura nake yi.

A kwaleji ilimin motsa jiki na karanta. Ƙungiyar mata tana nan a takarda, amma mai horar da masu tsaron raga babu. Kocin da ke akwai tsohon ɗan baya ne, iyakar abin da yake ce min shi ne kada a ci ni. Golan maza ne ya ji tausayina, bayan sallar asuba mu haɗu a filin da ya fi kama da masussuka, jar ƙasa da tsakuwa. Shi ya koya min in haɗa manyan yatsuna a bayan ƙwallo in za ni kama ta sama, in faɗi a kan gefen jiki kada in dira da gwiwar hannu, in fito daga layi in matse wa ɗan gaba hanya tun bai saita ba. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, ta maza da ta mata duk ɗaya, ni kuwa ban kai mita 1.70 ba. Ya ce wanda Allah bai ba tsayi ba, da ƙafa yake tsaron raga, ya isa wurin kafin ƙwallo ta isa.

Abin da ya fi ba ni wuya murya ce. A gidanmu mace ba ta ɗaga murya, ko kiran yaro za ki yi sai ki aika wani. Ga shi gola ita ke ganin fili duka, ita za ta tsara katanga in an ba da bugun tazara, ita za ta daka wa 'yan baya tsawa su kauce in ta fito ɗaukar kwana. Na yi zango guda ana cina ƙwallayen da bai kamata ba saboda kunyar buɗe baki. Ranar da na fara ƙwalla kira har na ji muryata ta dawo daga bangon ɗakin kwanan ɗalibai, jikina rawa ya yi.

Safar hannuna ta farko ta gwanjo ce, daga kasuwar Katako a Jos, ɗaya ta fi ɗaya girma. Shekara biyu na yi da ita. Da ruwa mai ɗumi nake wanke ta, in shanya a inuwa, don rana na busar da robar tafin ta tsattsage, kafin wasa kuma in yayyafa mata ruwa ta ƙara kamu. In na zo hutu a ƙasan akwati nake ɓoye ta, don Gwaggo na shigowa ɗakin Inna ba sallama, kuma ba na son in sake jin zancen jari.

A 2015 ni da wata ƙawata muka shiga gidan kallo, mu biyu rak a cikin maza, muka ga Najeriya ta yi 3-3 da Suwidin a gasar cin kofin duniya a Kanada. Kowa na ihun Asisat Oshoala, ni golar Najeriya, Precious Dede, nake kallo, yadda take tsayawa, yadda take magana da 'yan bayanta bayan an ci ta biyu tun kafin hutu. Kofin duniya na huɗu ke nan da ta je. A daren nan na yanke cewa ba a aji zan ƙare ba.

Na gama a 2016. Baba ya riga ya yi min maganar koyarwa a wata firamare. Yadda muka kwashe da shi sai wani makon, yana buƙatar kashi guda. Abin da zan ce kawai, na hau motar dare na nufi kudu gwaji, na sauka ƙafafuna a kumbure, washegari aka jefa mu fili mu gola shida ana neman biyu. A gasar mata ta ƙasar nan kowa ya san manya, Rivers Angels ta Fatakwal, Bayelsa Queens, Delta Queens, daga wajenmu kuma Nasarawa Amazons ta Lafiya, wadda ta ɗauki kofi a 2017. Galibin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, albashin 'yar wasa na bin lafiyar baitulmalin jiha. Wadda ta ɗauke ni ba zan kama sunanta ba, ku ma za ku ga dalili.

Kaka guda da rabi na yi a benci. Wanda bai tsare raga ba ba zai gane wannan ba. 'Yar gaba in tana benci tana sa ran minti goma a ƙarshe. Gola ta biyu sai dai in ta farko ta ji rauni ko an kore ta, kuma ɗakinku ɗaya da ita, kwanonku ɗaya. Kullum sai na roƙi Allah ya tsare zuciyata daga yi mata mugun fata. Da ta gurɗe a idon sawu aka sa ni, a waje muka buga, ana tsuga ruwa, aka tashi babu ci. Na fito taɓo har gira, kyaftin ɗinmu ta rungume ni ba ta ce komai ba. Wasa tara na tsaya a jere bayan nan.

A cikin watannin ne idon Gwaggo ya rufe da yana. Aka ce sai aiki. Yaya Babba ba shi da shi, Kawu ya ce a jira kaka. Ni kuwa an biya mu albashin wata uku a dunƙule, haɗe da alawus na wasannin da muka ci. Na tura duka. Inna ta kira ni da dare ta ce, "Ki yi min alfarma, a ce Yayanki ne ya biya. In ta ji kuɗin ƙwallo ne ba za ta yarda a taɓa ta ba." Na ce to, Inna. Aka yi aiki, ido ya buɗe, Gwaggo ta bi dangi gida gida tana sa wa Yaya albarka.

A wasa na goma yatsan ya karye. Kwana aka bugo, na fito na naushe ta, wata ta zo da kai ta haɗa hannuna da turke. Na ƙarasa wasan da filasta. Washegari na je wajen jami'in ƙungiya da hoton ƙashin, ya ce babu kuɗi a ƙasa, in yi magani in kawo rasit. A lokacin muna bin su wata biyar. Rasit ɗin yana nan a cikin akwatin ƙarfen, kuma ban yafe ba. Gida na dawo aka kai ni wajen mai ɗori, ya ja ya ɗaure da kara, ya warke a karkace. Gwaggo ta zo dubiya. Da idon nan da aka buɗe ta kalli yatsan, ta girgiza kai ta ce, "Ban faɗa miki ba? Hannun mace jarinta ne, ga shi kin karya jarin." Na buɗe baki, Inna ta kalle ni daga bakin ƙofa. Na haɗiye.

Na tuna wani abu da ya faru daga baya. A 2019, a gasar cin kofin duniya a Faransa, muna karawa da masu masaukin, 'yar wasansu Wendie Renard ta buga fanareti ta daki turke, aka duba na'ura aka ce golarmu Chiamaka Nnadozie ta ɗaga ƙafa daga layi kafin a buga, aka maimaita, aka ci mu 1-0. Yarinyar na da shekara 18. Kuka na yi kamar ni ce, don na san yadda laifin taku ɗaya ke zama a wuyan gola ita kaɗai. A watan Yulin 2023 kuwa, ƙarfe uku da rabi na dare agogon Najeriya na tashi kallon kofin duniya, ita dai Chiamakar ta kaɗe fanaretin Christine Sinclair aka tashi 0-0 da Kanada, masu riƙe da zinaren Olamfik a lokacin. Gari na wayewa 'ya'yan gidan Kawu, waɗanda uwayensu suka yi dariyar nan, suka cika min waya da bidiyon, wai "Anti, irin aikinki." A gasar ce kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta a gaban duniya. Na nuna wa Baba, ya daɗe yana kallo, ya miƙo min wayar ya ce Allah ya yi mata albarka.

Gwaggo ba ta ga ko ɗaya ba, ta rasu kafin nan. Ina sansani aka kira ni, ban samu jana'iza ba sai sadakar uku. A wajen zaman makoki wata daga cikin matan ta ce marigayiya har ta koma ga Allah tana ambaton alherin Yaya Babba. Yaya na zaune a wajen, bai ce uffan ba. Shi ma Inna ce ta roƙe shi, na sani, amma da ya same ni ko a soro ya ce na gode, da ya wadatar. Yau ne karon farko da na faɗi wannan magana a fili, kuma sai da na nemi izinin Inna jiya da daddare. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Rubuta. Allah ya jiƙan Gwaggonku."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan takardar koyarwar da Baba ya karɓo min, da abin da ya faru a zaure daren da zan hau motar kudu.