Ɓawon ƙwallon golf a rumfar faci

Ƙanena yana ɗaukar wa 'yan wasa jaka a filin golf a Kano. Ranar Juma'a ya zo gida ƙauyenmu, kusa da Ringim, ya same ni a rumfar da nake facin taya, ya miƙo min wata ƙwallo da ta tsage. "Yaya, duba cikinta," in ji shi. Na sa zarto na raba ta biyu. Ciki dunƙulen roba ne, sai wani siririn rufi mai tauri, sannan farin ɓawo mai ramuka wanda farce ke ɗan shiga.

Wannan ɓawon ne ya kai manyan kamfanoni kotu a Amurka. Da can da balata ake yinsa, ƙaron wata bishiya ta Kudancin Amurka, ga laushi amma ba ya jure sara. Sai kamfanin sinadarai na DuPont ya kawo Surlyn, wani nau'in roba mai ƙarko. A 2000 Titleist, masu yin ƙwallon golf, ta fito da ƙwallo mai suna Pro V1, rufi mai tauri a ƙasa, robar yuretan mai laushi a sama. A 2006 Callaway, wadda ita ma ke yin ƙwallon golf, ta maka Acushnet, kamfanin da ya mallaki Titleist, a kotu, ta ce an taka haƙƙin ƙirƙirar da ta samu lokacin da ta sayi kamfanin ƙwallon golf na Top-Flite. Har kan auna taurin ɓawon aka yi ta ja: a jikin ƙwallon za a auna, ko a fallen robar ɓawon daban? Sai 2012 suka sasanta.

Wannan gardamar ta ratsa ni, wallahi. Facin da ke hannuna da wanda ya kama jikin tiyub ba ɗaya nake jinsu a yatsa ba. Na riƙe rabi guda na ƙwallon, ɗayan yara sun gudu da shi.