Matsattsakun da na tarar a cikin salulata

Shekara goma ke nan ina riƙe da alli a wata lakwal ta firamare a nan Tawa, shida daga ciki ina ƴar kwantiragi. Duk wanda ya zauna tantancewar malaman kwantiragi ta 2017 ya san yadda gaba ke faɗuwa in an ajiye maka takarda. Ni na tsallake, amma wasu da muke shan ruwa randa ɗaya ba su sake komawa aji ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa da na ƙudurta zama jarabawar CAP, wato ta samun takardar shaidar ƙwarewar koyarwa, na ce ba zan shiga da ka ba.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Djibo Hamani ne ya saka mini AnkiDroid a salula, wata manhajar bita da ake zuba wa tambayoyi, kowace a katinta da amsarta. Ya ce, "Yaya, kyauta ce, kuma in kin zuba tambayoyinki ba ta cin kuɗin intanet." Muka kwashe dare uku muna kwafe tsofaffin tambayoyi daga kayena: dabarun koyarwa, halayyar yara, dokokin makaranta, lissafi. Tambayar da na amsa daidai sai ta yi nisa, sai bayan kwanaki ta dawo. Wadda na faɗi kuwa nan take take sake tare ni.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shafin ƙididdiga. Yana rubuta yawan katin da na duba kowace rana, da daƙiƙun da na ɗauka kafin in amsa. Katin da ka koya ka manta har sau 8, manhajar tana yi masa alama da wani suna mai ma'anar matsattsaku, don yana shan lokacinka ba ya sakinka. Bayan wata biyu na buɗe jerin nawa: 14. Da can na yi zaton dokokin makaranta ne za su cika shi, tunda su nake tsoro. Ashe 11 lissafi ne, kuma ba na zallar lambobi ba, wanda ake ba da shi cikin labari. Ninkawa da rabawa ba sa ɗaukata daƙiƙa goma. Da zarar an ce wane yana da kaza fiye da wane, ko ya gaza shi sau uku, da Faransanci, sai in tsaya cak. Hannuna ya iya lissafin, jimlar ce ke juya mini shi.

Ranar ban yi barci da wuri ba, don nan ne daidai ƴan ajina na CM1, wato aji biyar, ke tuntuɓe, ni kuma shekara da shekaru ina rubuta musu "a ƙara himma a lissafi" da jan biro.

Salula dai ba za ta tsaya a madadina gaban sufeto ranar gwajin aji ba, da yara 70 cikin rumfar zana, iskar hunturu na kwashe murya. Wannan wata tsohuwar malama ce a unguwarmu ke gyara mini shi, ranar Asabar bayan la'asar.

Litinin da ta wuce na shiga aji da goruba 20 a kwano. Na faɗi matsalar da Hausa, yara biyu suka raba goruba a gaban kowa, sannan na rubuta jimlar da Faransanci a allo, na ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke kayar da mu. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, "Madam, ashe ragewa ake nufi."